Darbejiyar da Ka Goge a Zanenka

Zuwa ga ƙanena Hamadu, mai zanen gine-gine a Duwala.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na rubuto nan inda kowa zai gani ne domin ka daina ɗaukar wayata.

Direkta ya tara mu ya nuna mana zanen gidan hutu da motsa jiki da za a gina wa ma'aikatan asibitinmu na Garwa. Ya ce ɗan gari ne ya zana, aka yi ta tafi ana waiwayena. Ni kuwa, wallahi, kunya ce ta rufe ni.

Injin gudu ka sa mana, Hamadu? Mu da muke zirga-zirga tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin magani har ƙafa ta kumbura? Ka kuma yi bangon da gilashi, yana kallon filin masu jinya. Wato in sa wando in yi ta tsalle, matar da ta taso daga Pitowa da ɗanta rai a hannun Allah tana kallona. Wa zai ƙara yarda in yi masa allura?

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne darbejiyar bayan ɗakin haihuwa. A zanenka babu ita, wurin ajiye motoci ka sa. Ɗan kwangila ya ce daga hoton sama ka yi aikin, ko takowa ba ka yi ba. An riga an shafa mata jan fenti, mai zarto sa hannunka kawai yake jira.

Ka manta ta ne? A gindinta Inna take suyar ƙosai, kai kana kwance kan zaninta kana haddar karatun lekol, wato boko. In rana ta same ka, sai ta ce, "Matso nan, inuwar ta ishe mu."

A nan mu ma'aikata muke cire takalmi mu miƙe ƙafa. Madam Rahila ungozoma tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, mu muna sallar la'asar a gefenta. Gidan hutunmu ke nan, ba wanda ya zana mana shi.

A nan na zauna ranar da Inna ta cika, ina ta kiranka, ana ce mini kana taro. Ka zo bayan an yi bakwai, ka sauka a otel. Ban taɓa yi maka gori ba. Yau na yi.

Ni na goye ka, Hamadu, na san ba mugunta ke gare ka ba. Gudun wurin kake yi, domin ba za ka iya kallonsa babu Inna ba. To, ni kullum ta nan nake bi, kuma shi kaɗai ya rage mini.

Ka matsar da motocin nan. Ka zo ka wuni da mu a inuwar, sannan ka sake zane. In kuwa ka sa hannu, mai zarto zai same ni zaune a gindinta da farar rigata, sai dai ya fara da ni.

Allah ya jiƙan Inna, ya shirye ka, ya sa hannunka ya yi maka nauyi ranar da aka miƙo maka biro.

Addarka da har yanzu take ajiye maka tabarma,
Hadizatu.