Uwar Sufeto Ba Ta Magana

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi lafiya lau.

Littafin da ka samu bugawa bayan saukar sojoji ya iso, kuma Inna ta sa ina karanta mata bayan la'asar. Garin nan na cikin labarin, inda sojoji suka ƙi sauka har abada, ya tsorata ni. Amma Yaya, ka yi haƙuri, matan ciki daga gawa sai mai kawo abinci. Uwar Sufeto, jarumin littafin, ko uffan ba ta ce ba.

Kullum Inna sai ta tambaya, "Ita uwar fa, me ta ce?" Sai na fara ƙirƙiro mata magana, har na ce ita ta gano mai kisan da Sufeto yake nema. Yanzu Inna tana gaya wa maƙwabta, "Ni ce yaron nan ya rubuta."

Jiya ta ara wa Hajiya Asabe ta unguwar Babban Giji littafin, ita kuwa malamar makaranta ce, da kanta za ta karanta. Tun daga nan na kasa cin abinci.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. In za ka sake bugawa, don Allah ka bar uwar ta yi magana.

Ƙanwarka,
Hadiza