Gwajin da Muka Faɗi da Gangan

Yaya Loretta,

Gaisuwa daga Jamus. Ya Mama da ƙafarta? Ni lafiya lau, ina koya wa yaran nan ƙwallon Amurka, sai dai 'yar mantuwa.

Na ji manyan ƙungiyoyi na zawarcin ɗanki Darnell. Shekara tara ina jefa musu ƙwallo, na san halinsu. Farkon kakar wasa likita kan gwada ƙwaƙwalwarmu, mu kuwa mu faɗi gwajin da gangan, don ranar da aka gwara mana kai, in an sake gwajin a ga ba abin da ya canja, a mayar da mu fili. Wai mu masu wayo.

Ki roƙe shi ya amsa gwajin tsakani da Allah. Sunansa ma, Yaya, sai da na duba tsohuwar wasiƙarki kafin na tuna.

Ƙaninki,
Lamont