Baba Hedimasta Zai Ci Abinci a Gidana Ranar Lahadi

Salama gare ku 'yan gida, barkanmu da war haka. Admin don Allah ki sa mini wannan ba tare da sunana ba, Kafanchan ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancen, na rasa wanda zan faɗa wa ne.

Ni malamar sakandare ce, ina da aure da yara. Muna da ɗan kulob na karatu, muna haɗuwa ranar Lahadi da yamma bayan kowa ya taso daga coci ya huta. Ba mu da yawa, galibi malamai ne, sai nas ɗaya, sai wani fasto da bai taɓa gama karanta kasonsa ba amma ya fi kowa surutu. Wanda ya kafa kulob ɗin wani dattijo ne da muke kira Baba Hedimasta. Ya haura tamanin, amma har yau in ka zo ba ka yi karatu ba zai dube ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ka koma aji uku. Shi ne hedimastanmu a firamare, da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mini har na gama makaranta, ranar aurena ma cikin iyaye ya zauna. Na faɗi wannan ne don ku san ba a kan bare nake magana ba.

Wannan karon wani ƙaton littafi muke karantawa na tarihin Afirka na zamani, tun daga shigowar Turawa har samun 'yanci da abin da ya biyo baya. Baba yana da dokoki biyu. Duk wanda babi ya faɗo kansa, ba abin da marubuci ya ce kaɗai zai kawo ba, sai ya tambayi tsofaffin gidansu abin da suka sani na wannan zamanin. Sannan mitin yana zagayawa gida-gida, mai masauki ya yi girki, a zuba a babban tire kowa ya sa hannu, wai shi ba ya yarda da ilimin da aka yi da yunwa.

Muka kai babin aikin tilas, yadda lokacin babban yaƙin Turawa aka riƙa ɗibar samari daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a tudun Jos, kowane mai unguwa a ce ya kawo nasa. Babin yana da tsawo, sai Baba ya ɗauki rabi ya bar mini rabi na mitin na gaba. Ni fa tun a gida raina ya ɓaci, wajen da marubucin ya ce da hannun masu unguwanni aka yi ɗiban har layi na ja a ƙarƙashi, na zo mitin ina kumfar baki, na ce ai su sun fi Turawan laifi, mutumin da zai miƙa ɗan maƙwabcinsa ba mutum ba ne. Duk suka ce haka ne.

Sai Baba ya rufe littafin ya ba mu nasa labarin, shi da ba ya taɓa maganar kansa. Mu duk mun ɗauka mutumin wajen Kachia ne, ashe can dangin uwarsa ne, sunan da muka san shi da shi ma na kawunsa ne da ya sa shi makarantar mishan. Mahaifinsa yana sabon ango aka ɗebe shi zuwa haƙar kuza, uwar tana da cikinsa. Sanyi da tari suka kashe shi a can, ko kabarinsa ba a sani ba. Abu ɗaya uwar ta riƙa faɗa masa har ta mutu, cewa ba ubansa aka zaɓa ba, wani ne, aka sauya, amma ba ta taɓa faɗin gidan ba. Ya ce mana, "Ni ban riƙe kowa a zuciya ba, Ubangiji ya sani. Amma kafin ya kira ni, ina so in san a madadin wa babana ya mutu." Ya faɗi sunan uban da na ƙauyen. Ƙauyenmu ne, can gefen Manchok. Ni wawiya har da murna, na ce Baba ashe gari ɗaya muka fito!

Kakata ta wajen uba tana wurina yanzu saboda ciwon ƙafa, don ta fi kusa da asibiti. Na dawo da zumuɗina na same ta tana tsince wake, na ce Kaka yau za ki biya ni kuɗin shayin da kike shanye mini da labari. Na kwashe na Baba na faɗa mata, har da sunan mahaifinsa. Tsohuwar nan da ba ta barin tsokana ta faɗi ƙasa, ranar abin da ta fara tambayata shi ne, na taɓa cin abinci a gidan mutumin nan? Na ce Kaka shekara da shekaru, ai matarsa ce ta koya mini dafa acca. Ta ɗora hannu a ka.

Ashe uban mijinta shi ne mai unguwa a lokacin. Mijinta, wato kakana, yana saurayi, a kansa zaɓen ya faɗa. Uban ya ɓoye shi cikin duwatsu ya ce ya gudu, ya nuna wa masu ɗiban gidan maƙwabcinsa, aka ɗauki mahaifin Baba a madadinsa. Ita ma daga bakin surukarta ta ji bayan ta shigo gidan, tare da gargaɗi. A al'adarmu gidan da ya jawo mutuwar wani ba ya haɗa kwano da gidan mamacin, sai an je an faɗi laifi, an kai akuya, 'yan gidan mamacin da kansu sun ce a ci. Ba a taɓa zuwa ba, don matar mamacin ta tafi da cikinta, kowa ya yi shiru ya ce magana ta mutu. Kaka 'yar zumuntar matan coci ce tun ban zo duniya ba, littafin waƙoƙin coci a kanta yake, amma wannan ta ce ba ruwansa da arnanci, gaskiya ce kawai.

To mitin na gaba a gidana ne, kuma ni ce mai magana. Kaka ta ce muddin tana numfashi a gidan nan mutumin nan ba zai sa loma a bakinsa ba sai ya san gidan da yake ci. In ban faɗa ba ita za ta faɗa, kuma na san ta, da sandarta za ta fito falo a gaban kowa. Na kira ƙanin mahaifina a ƙauye ina neman mafita, sai na ƙara wa kaina. Ya yi ta faɗa wai wa ya aike ni tone-tone, wai karatun banza ya sa ina neman zubar wa gida mutunci, kuma in sani gonar cittar da ta ciyar da mu duka wani ɓangarenta na gidan su Baba ne da, in magana ta fita 'ya'yansa suka taso to ni na jawo. Na ce masa ashe ya sani, ya kashe waya. Daga baya ya kira Kaka suka yi ta yi da yare har ta yi kuka. Maigidana kuwa cewa ya yi in ce ba ni da lafiya a mai da mitin wani gida, Kaka ba za ta dawwama a wurina ba. Fasto ba zan iya tuntuɓarsa ba, yana cikin kulob ɗin, kuma na faɗa muku halin bakinsa.

Tun ranar ban da sukuni. Na buɗe littafin in shirya kasona, shafi ɗaya nake ta maimaitawa, kullum idona sai ya koma kan layin nan da na ja da hannuna. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya, yara su yi ta kallona. In na dubi 'ya'yana sai in tuna cewa da ba a nuna wancan gidan ba, da wataƙila babu kakana, babu babana, babu ni, babu su. Ina jin kunya, ina kuma jin haushin mutumin da ban taɓa gani ba, sannan in tambayi kaina da ɗana ne aka zaɓa me zan yi. Ban san amsar ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Baba yana da hawan jini, ina tsoron in faɗa masa in zama sanadi. Ina tsoron ya daina ce mini "ɗiyata". Amma mutumin nan abu ɗaya ya roƙa kafin ya mutu, abin yana hannuna, ta yaya zan zuba masa abinci ina murmushi?

Ɗazu da rana ya kira ni. Ya ce in rage barkono saboda cikinsa, sannan ya ce, "Ɗiyata, ki ajiye mini kujera kusa da Mama, kakarki. Tunda garinmu ɗaya, wataƙila ta taɓa jin sunan babana." Na ce to Baba, na ajiye wayar na zauna a ƙasan kicin.

'Yan gida ku faɗa mini gaskiya. In je gidansa kafin Lahadi in faɗa masa ni da shi, ko in ɗauki Kaka a keke napep mu je tare tunda daga bakinta ya fito? In nemi babban ɗansa tukuna saboda lafiyarsa? Ko in bi maganar maigidana in yi ƙaryar ciwo, in bar dattijo ya tafi da tambayarsa? Masu iyaye tsofaffi, da ku ne a matsayinsa za ku so ku sani? Lahadi ta matso, na riga na sayi acca. In ya wanke hannu ya miƙa cikin tiren nan, in bar shi ya ci, ko in riƙe hannun?