Na'urar Baban Yara da Kwalbar Awo

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya sa kumburin ya sauka.

Yaya, gidanmu ba daɗi. Kin san Baban yara ne ke kula da ɗakin sanyi na ma'ajiyar magunguna. Gas ɗin injin ya tsiyaye ba a ankara ba, ɗakin ya ɗumama a ƙarshen mako, alluran rigakafin jarirai suka lalace. An dakatar da shi, an kafa kwamiti. Shi kuwa ya rantse ya bi bututu da na'urarsa ta gano yoyo, ba ta yi ƙara ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ni na saita na'urar. A ɗakin awon da nake aiki akwai 'yar kwalbar ƙarfe da aka ƙera don ta riƙa sakin gas kaɗan-kaɗan, gwargwadon da aka sani. Da ita nake gwada hancin kowace na'ura kafin in sa hannu. In awonmu ya karkace, na'urar ce ta yaudare shi, laifin nawa ne. In daidai yake, laifin nasa ne.

Ba mu yi faɗa ba, da ma mun yi. Sannu da sannu kawai muke, kamar baƙi a tasha. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a. Yaya jikin ƙaraminku?

Akwai wata kwalba irin tamu da ke yawo tsakanin ɗakunan awo na ƙasashe, don a gwada ingancin awonsu. Kowa ya auna yoyonta, ya aika lambarsa a rufe, sai babban ɗakin awo ya jera lambobin a ga wanda ya kauce. Yanzu ta iso gare mu, cikin akwati mai soso kamar jaririya. Kwamiti ya ce zai jira sakamakon kafin ya yanke hukunci.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Kwalbar nan ba ta son canjin zafi. In na bar ƙofar ɗakin a buɗe na ɗan lokaci, lambata za ta kauce, a wanke mijina, kuma ba mai ganewa. Na tsaya riƙe da marfin ƙofar, sannan na rufe ta. Daga baya na je na roƙi shugabarmu ta zauna kusa da ni har in gama. Ta dube ni kawai, ta jawo kujera, ba ta tambayi dalili ba.

Na auna yadda na iya, na aika. Amma a kan sallaya, Allah ya yafe mini, roƙona shi ne a ce na yi kuskure.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, sakamako ya fito. Lambarmu tana tsakiyar na sauran, wato awonmu daidai yake. A ofis ana ta taya ni murna, ni kuwa banɗaki na shige na yi kukana.

Na tarar da Baban yara a tsakar gida yana wanke wa yara takalman makaranta. Na miƙa masa takardar. Ya goge hannu a wando, ya karanta a tsanake. Sai ya ce: "Alhamdu lillahi. Na'urori nawa kika saita wa asibitoci? Gara a ce laifin nawa ne ni kaɗai."

Ashe shi tun farko abin da yake roƙo ke nan, muna kwana ɗaki ɗaya kowa da tasa addu'ar.

Da safe ya je gaban kwamiti da ƙafarsa. Suka koma ɗakin sanyin tare, aka gano yoyon a wata gaɓa bayan injin, inda hannu ba ya kaiwa sai an kwance murfi. Ya ce bai kwance ba ranar. Sun sallame shi daga aikin.

Yanzu yana gyaran firij a wata rumfa kusa da kasuwa. Ya rame, ba ya son a yi zancen jarirai a gabansa. Amma mun koma yin hira, jiya har ya tsokane ni cewa hancina ya fi na na'urar.

Yanzu kina iya gaya wa Inna. Ki gaya mata duka, har da maganar ƙofar.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta