Wayar Rumasa'u Tana Islamiyya

Jikwoyi, Abuja.

Zuwa ga Yaya Zakariyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a can Fatakwal, kai da Anti Ikilima da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aiki. Mu nan sai godiya, Baban Hassan ma ciwon bayansa ya yi sauƙi, har ya koma ofis.

Yaya, na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Tun da ka bar mini Rumasa'u ta yi karatu a nan, ka kuma sa wa wayarta abin nan mai nuna maka inda take, yarinyar ba ta huta ba, ni ma haka. In na aike ta sayen tumatir, ka kira. In ta daɗe a shagon tela, ka kira ni kana faɗa. Ranar da ta raka ni Garki sai da ka sa ta rantse cewa tare muke. Na ce maka tsoronka kawai kake cusa mata, ka ce ban san zamani ba.

Ashe ta koyi barin wayar a jakar ƙawarta a islamiyya. Ranar Asabar ta tafi gaida malamarsu da ta haihu, mai babur ya kaɗe ta a titin Karshi. Ta suma, ba waya a jikinta, ba wanda ya san 'yar waye ce. Wata mai sayar da doya, Madam Rosemary, ta bar kayanta ta kai ta asibiti, ta zauna har ta farfaɗo ta faɗi lambata. Duk wannan lokacin kana can hankali kwance, waya na nuna maka 'yarka tana karatu.

Ƙafarta ta karye, amma likita ya ce za ta warke. Abin da ya fi ƙona mini rai, da ta gan ni ba ciwon take yi wa kuka ba, roƙona take kada in gaya maka.

Na sa an cire abin daga wayar. In ka kira ta, don Allah fara tambayar ƙafarta. In faɗa za ka yi, ni za ka yi wa.

Ka gaida Anti Ikilima, da Fatihu da Nafeesa. Baban Hassan na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Luba