Mun Ari Bencin Coci, Aka Cire Mu Daga Jerin Gyara

Anti Kafayatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Da ƙyar na fita daga wata matsala, ga shi ana neman mayar da ni ciki.

Ni ce shugabar wata firamare a ƙauyen mijina, can gefen Kuta, ko da yake a unguwar Sauka Kahuta da ke Minna muke zaune, in tafi Litinin in dawo Juma'a. Azuzuwa shida gare mu, uku ne kawai masu rufi. 'Yan aji ɗaya da biyu a ƙasa suke zama, hadari na haɗowa kuwa sai mu tashe su. Da aka aiko cewa jami'an jiha za su zo duba makarantu don zaɓen waɗanda za a gyara, sai na sanar da kwamitin iyaye. Shugaban kwamitin surukina ne, Baba Irimiya, dattijon da bai yarda baƙo ya ga gazawarsa ba. Ko mai talla ne zai shigo masa, sai an share tsakar gida.

Kafin in ankara gari ya tashi tsaye. Aka kwaso benci daga coci, liman ya ba da tabarmi, mata suka shafe bango da farar ƙasa, matasa suka ciro kwanon rumfar doya suka rufe azuzuwan da iska ta yaye. Gaskiya ni ma ban hana ba, Anti. Daɗi ma na ji, har sabon leshi na ɗaura. Baƙi suka zo, suka zagaya, suka ci sakwara, suka yaba, suka rubuta abin da idonsu ya gani. Washegari kowa ya kwashe kayansa, yara suka koma ƙasa. Da jerin ya fito babu sunanmu, wai makarantarmu lafiyarta ƙalau.

Na yi sati biyu abinci ba ya shiga. Daga ƙarshe na ɗauki hotunan azuzuwan yadda suke, na je ofishin jami'an a nan Minna na faɗi gaskiya, ina jiran a ce an dakatar da ni. Matar da na samu ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ba a kanmu aka fara ba. An mayar da sunanmu. Tun ranar nake jin kamar an sauke mini buhu daga ka, har a mota ma waƙa nake yi.

Sai dai Baba ya ce na tona wa gari asiri. Da ƙyar yake amsa gaisuwata, mijina Josiah kuma ya kame bakinsa. Za a sake zuwa dubawa Talata mai zuwa, kuma na ji Baba ya riga ya je wajen fasto kan maganar benci. In na hana, na raina uban mijina a gaban jama'a. In na ƙyale, yara sun sake rasa rufi. Yaya zan yi?

Malamar gefen Kuta

Malama, ki ci gaba da waƙarki, mai wuyar kin riga kin yi ta. Ba kowa ne zai ɗauki ƙafa ya je ofis ya ce ga kuskurensa ba.

Amma kada ki mayar da Baba abokin gaba. Abin da ya yi, tarbiyyar da ya tashi da ita ce, kuma don ƙaunar makarantar ya yi. Bai gane ba ne cewa wannan baƙon kamar likita yake, ba a ɓoye masa ciwo. Ke ma kin ɗaura leshi, kada ki manta. Inda kika kuskure shi ne da kika wuce Minna ba ki biya ta wajensa ba, sai a bakin mutane ya ji. Ina jin wannan ne ya fi yi masa zafi.

Kafin Talata ki je ki same shi, Josiah ya raka ki, shirunsa ya isa haka. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan tsallake shi da kika yi, ba kan gaskiyar da kika faɗa ba. Sannan ki ba shi aiki. Shi zai tarbi baƙi, a share fili, a kirɓa sakwara son ransa, kuma shi da kansa zai zagaya da su ya nuna musu duk inda ruwa ke zuba. Azuzuwa dai a bar su yadda suke kullum. Ki kuma yi wa fasto da liman bayani da bakinki, maganarsu za ta fi taki shiga kunnensa.

In duk da haka ya ƙi, makulli na hannunki, kada benci ko ɗaya ya shiga. Fushin suruki yana hucewa, amma karatun da yaro ya rasa a damina ba ya dawowa.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya nuna mana ranar da zai tsaya a ƙarƙashin sabon rufin yana gaya wa mutane cewa shi ya kawo shi. In kika ji ya faɗi haka, ki ce ƙwarai kuwa, Baba.

Anti Kafayatu