Kujerar Gidan Papa Nyemb

New Bell, Douala
Afrilu

Yaya Nuru,

Gaisuwa mai yawa. Ya garin Garoua, ya Balkisu da yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Jikin Baba dai sai addu'a. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai yi magana ba, yanzu kuma ya ƙi abinci. Na yi lallashi, na yi faɗa, ko kunu ba ya karɓa daga hannuna.

Ka tuna maƙwabcinmu Papa Nyemb, wanda ya bar coci ya bi addinin Yahudawa, da matarsa Mama Tekla? Har gobe suna musunsu. Shi ya ce Almasihu bai zo ba tukuna, ita ta ce ya zo, dawowarsa ake jira. Na taɓa ce musu tunda duk jira ne, su yi shi cikin shiru mu samu barci.

Jiya idin Papa Nyemb ne na Yahudawa. Al'adarsu, a cika kofi a buɗe ƙofa saboda Annabi Ilyasu, mai shelar zuwan Almasihu. Mama Tekla ta ƙara da kujera da faranti. Ina alwalar magariba na nemi Baba na rasa. Yaya, mutumin da sai an ɗaga shi! A kujerar nan na same shi, ya shanye kofin, yana cin abincinsu a natse. Papa Nyemb na tsaye jikin bango, yana kallonsa.

Ƙanwarka,
Zaituna

Mayu

Yaya Nuru,

Ina gaisuwa, ya zafi?

Kullum da magariba Baba sai ya tashi da ƙafarsa ya tafi can. Na ce musu ba Annabi Ilyasu ba ne, mahaifina ne kawai, tsohon mai masaukin fataken goro, wanda ba ya iya ganin an ajiye wa baƙo abinci ya huce. Papa Nyemb ba ya ji, ya daina haɗa ido da shi. Mama Tekla ta ce a littafinsu, wanda ya ciyar da baƙo Almasihu ya ciyar. Ni dai yana ci, alhamdulillahi, amma wallahi ina jin haushi.

Zaituna

Yuni

Yaya Nuru,

Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa kun isa gida lafiya.

Bayan tafiyarku na shiga gidan su Papa Nyemb yi musu godiya. Ƙofa a buɗe, kujera a ja baya, kofin babu komai sai jiƙa a bakinsa. Mama Tekla ta ce Baba bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ɗakin kuwa warin man zafin da nake shafa masa yake yi. Su biyun sun daina musu, suna zaune shiru kamar masu jiran mota.

Kada ka gaya wa malamin masallacinmu. Ni ma na fara dama kunu da magariba, ina barin ƙofata a buɗe. Ba tsoro ne ya fi damuna ba, Yaya. Ina jin jan ƙafarsa a lungu, ya zo daidai ƙofata, ya wuce.

Taka,
Zaituna